Motar sanyi da wutar sola: ta ina mai kifi da yogot zai fara?

"Assalamu alaikum injiniya. Ina da ɗakin sanyi a Sharaɗa da motocin sanyi uku masu ɗaukar tan goma-goma. Ina raba kifin ƙanƙara da kaji da yogot a cikin Kano, ina kuma kaiwa Katsina da Dutse da Zariya. Man gas na neman cinye ribar gaba ɗaya, don shan injin mota daban, na injin sanyi daban, ga kuma janaretan ɗakin sanyi. Wani ya kawo mini lissafin shimfiɗa fanel ɗin sola a rufin motocin, ya ce na rabu da sayen mai ke nan. Shin gaskiya ne? Kuma ina sha'awar fara kai tumatir Legas a motar sanyi idan na rani ya faɗo. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: ko fanel a rufin mota zai iya riƙe injin sanyi, ta wace hanya za a rage man da sanyin ke sha, sannan ko abin da ya yi wa kifi zuwa Katsina zai yi wa tumatir zuwa Legas. Amsar ta farko a taƙaice ita ce a'a, ba zai raba ka da mai ba, ko da yake yana da amfaninsa. Shawarar da nake ba duk wanda ya zo mini da irin wannan magana ita ce ya fara sa sola a ƙasa, a rufin ɗakin sanyinsa, rufin mota ya zo daga baya. Kafin su duka biyun kuma akwai aikin da ba ya cin kuɗi sosai, wanda mutane ke tsallakewa saboda ba shi da ƙyalƙyali.

Ina man yake tafiya?

Akwatin da ke manne a goshin bodin motarka, ko na kamfanin Thermo King ne ko na Carrier, yawanci yana da ƙaramin injin gas nasa na kansa da ke juya kwampreso. Na manyan tireloli kan sha lita 2 zuwa 4 a awa, gwargwadon zafin gari da irin kayan da ke ciki. Na mota irin taka bai kai haka ba, amma ka ɗauka lita 2 ce idan rana ta take. Abin lura shi ne wannan injin ba ruwansa da ko mota na tafiya ko tana tsaye. Tana layin lodi yana sha, tana gosulon Kurna yana sha, ta kwana a gareji da kaya a ciki yana sha har asuba.

Aikinsa kuwa fitar da zafi ne, kuma zafin ta ƙofa uku yake shiga. Akwai wanda ke ratsa bango da rufi da daɓen bodi. Akwai wanda ke afkawa duk sanda aka buɗe ƙofa. Akwai kuma wanda kayan da kansu suka shigo da shi. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, shi kuwa kifin ƙanƙara yana son digiri 18 ƙasa da sifili. Tazarar ta kusa digiri 60 ke nan, tsakanin ciki da waje, kuma abin da ya raba su bangon kumfa ne da kaurinsa bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Yawancin motocin sanyin da ke yawo a garin nan 'yan Kwatano ne, sun gama aikinsu a Turai kafin su iso mana. Kumfar da ke cikin bangon tana tsufa, ana ƙiyasta tana rasa kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinta a kowace shekara, idan kuma ruwa ya samu hanyar shiga cikinta sai ta zama soso kawai. Na taɓa duba wata mota a Bompai da mai ita ya canza kwampreso sau biyu, yana ta faɗa da masu gyara. Da sassafe na je, na shafa bangon ta waje, sai na ji wani wuri kusa da ƙofar baya ya yi sanyi ƙarara har yana naso. Na sa yaron motar ya shiga ciki muka rufe shi, na zagaya robar ƙofa da tocila, ya ce yana ganin haske ta wuri huɗu. Muka huda ƙasan bangon da ƙaramin ƙusa, ruwa ya yi ta ɗiga kusan minti goma. Kwampreson lafiyarsa ƙalau, ruwa ake ta zubawa a kwando.

Saboda haka kuɗinka na farko ya tafi wajen canza robar ƙofa, toshe duk inda aka taɓa huda bodi, rataya labulen roba mai tsaga-tsaga a bakin ƙofa, da fentin rufi fari tas. A wanke ragar kwandensa, wato wadda ke fitar da zafi waje, domin ƙurar hunturu na toshe ta cikin 'yan makonni, inji ya riƙa wahala yana shan mai a banza. A koya wa direba da yaransa kashe injin sanyi kafin buɗe ƙofa, don idan fanka na juyawa ƙofa a buɗe, iskar waje take zuƙowa ciki da danshinta, ƙanƙara ta taru a kan kwayil, wato bututun da ke ba da sanyi a cikin bodi. A daina cusa katan har rufi, a bar wa iska hanya ta sama da ta gefe. Duk fanel da batirin da za ka saya daga baya, girmansu ya dogara ne da yawan zafin da ya rage bayan wannan gyara.

Soket ɗin da ba a amfani da shi

Ka je ka leƙa gefen injin sanyin motocinka. Da yawa daga cikin waɗanda aka shigo da su daga Turai suna da wurin jona wuta mai layi uku, domin a can idan mota ta shiga gareji kashe injin gas ake yi a jona ta da lantarki, moto ya karɓi juya kwampreso. A nan sau da yawa nakan tarar da soket ɗin cike da ƙasa da gidan zanzaro, direban ma bai san aikinsa ba. Gyara shi da jawo waya zuwa inda motoci ke kwana shi ne mafi arhar hanyar mayar da sanyi kan lantarki.

Bari mu yi lissafi, ka sauya farashin da na yau. A ce mota ta kwana da kaya awa 10, tana shan lita 2 a awa, lita 20 ke nan. Idan lita tana naira 1,200, ka ƙona 24,000 a dare ɗaya. A kan wuta, injin irin wannan zai ja kamar kilowat 5 idan yana aiki ba tsayawa, wato yunit 50 a awa 10, kuma a zahiri yana hutawa tsakani. A 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato masu biyan wuta mafi tsada, yunit ya koma naira 200 da 'yan kai. A wancan farashin, yunit 50 zai kama kamar 10,500. Ko a wuta mafi tsada, ƙasa da rabi ka biya. A Ingila ma abin da ya ƙara tura masu motocin sanyi wajen lantarki shi ne kuɗi: daga Afrilun 2022 gwamnati ta hana su amfani da man gas mai rangwamen haraji a injinan sanyi.

Na san abin da za ka ce, wutar KEDCO ba a yi mata alkawari da ita. Gaskiya ne, kuma ba ɗaukewa kaɗai ba, har da faɗuwar layi ɗaya cikin uku, wanda ke ƙona moto cikin ƙanƙanin lokaci. Kada a jona mota sai an sa na'urar da ke yanke wuta idan layi ya faɗi ko ya juye. Idan kuma janareta ne zai ba soket ɗin wuta, ribar ta ragu ƙwarai, domin lita ɗaya a janareta yunit 3 ko sama da haka kaɗan take bayarwa. Sai dai idan janaretan yana kunne dama saboda ɗakin sanyi kuma bai cika lodi ba, to ɗora masa motocin ya fi barin ƙananan injina uku suna ta ruri.

A nan ne sola take shigowa, kuma a nan take biyan kuɗinta.

Me ya sa ƙasa ta fi rufin mota

Bodin mota mai tan goma tsawonsa kamar mita 7 ne, faɗi kusan mita 2 da rabi, wato murabba'in mita 17. Fanel na zamani yana ba da kamar wat 200 a kowane murabba'in mita, don haka da ƙyar za ka shimfiɗa kilowat 3, a aikace ma 2 da rabi. Kano na da rana, Allah ya hore mana, ana samun kwatankwacin awa 5 da rabi zuwa 6 na cikakkiyar rana a yini. Amma fanel ba ya son zafi, duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25 yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, kuma a rufin mota da azahar yakan haura 60. Ka cire ƙura, ka cire inuwar gini da bishiya, abin da zai rage maka a yini bai fi yunit 10 ba. Motar kifin ƙanƙara da ake buɗe wa ƙofa sau goma sha biyar a zagayen Galadima da Sabon Gari da Tarauni, a lokacin bazara, a irin awon da nake yi takan nemi yunit 30 zuwa 40. Ka ga fanel ya ɗauki kwata ko sulusi. Wanda ya kawo maka lissafin wataƙila ya ɗauko shi ne daga ƙasar da zafinta bai wuce digiri 20 ba.

Ba wai dabarar shirme ba ce. Tun 1997 kantin Sainsbury's na Ingila ya gwada tirelar sanyi mai fanel a rufi, yau kuma akwai kamfanoni irin su Sunswap da ke ƙera injin sanyin tirela mai aiki da batir da fanel, ba gas ko ɗigo. Amma batirin shi ne ginshiƙin, ana cika shi a gareji, fanel ƙari yake yi a hanya. Ga motar yogot, da ke son digiri 4 kawai, fanel ɗin rufi zai ɗauki kaso mai kauri, har ma yana yi wa rufin inuwa. Idan za ka gwada, da ita za ka fara. Ka tabbata ba a huda rufin bodi da ƙusoshi ba wajen ɗaurawa, kuma ka tuna da rassan bishiya da wayoyin da ke rataye a lungunan cikin gari.

Rufin ɗakin sanyinka da rumfar gareji kuwa za su ɗauki kilowat 30 ko 50, a karkace yadda ya dace, iska na ratsa ƙasansu, yaro na wanke su duk bayan kwana biyu a lokacin hunturu. Ba girgiza, ba ramin titi. Wutar za ta yi wa ɗakin sanyi aiki, ta yi wa motoci, duk a kuɗi ɗaya. Ba sabon abu ba ne a garin nan: Jami'ar Bayero tana da tashar sola mai megawat 7.1 tun 2019, ga mai megawat 10 da aka buɗe a yankin Challawa a farkon 2023, ga shagunan kasuwar Sabon Gari da suka daɗe a kan sola. Masu haɗawa da masu gyara sun samu.

Ajiyar sanyi ta fi ajiyar wuta arha

Rana tana faɗuwa, kifi kuwa ba ya jira, don haka dole a adana wani abu. Ko dai a adana wuta a batir, ko a adana sanyin kansa. Mutane batir suka sani, amma ga mai ɗakin sanyi hanya ta biyu ta fi sauƙi. Da rana tsaka, lokacin da fanel ke ba da wuta fiye da buƙata, sai a saukar da ɗakin kifi zuwa digiri 24 ko 25 ƙasa da sifili. Tan-tan na kifin da ke ciki su ne batirin. Da dare kwampreso ya huta, sanyin ya riƙa hawa a hankali, asuba ta yi bai wuce 18 ba. Firjin allurar rigakafi masu sola da ke asibitocin karkara haka suke aiki, ba batir a cikinsu, ƙanƙara suke haɗawa da rana ta riƙe su kwana da kwanaki.

A mota ma akwai irin wannan. Faranti ne na ƙarfe da ake jerawa a rufi ko bangon bodi ta ciki, cike da ruwan gishiri na musamman da ke daskarewa a digirin da aka tsara, na kayan ƙanƙara kan kai 33 ƙasa da sifili. Ana jona motar da wuta awa 8 zuwa 10 su daskare, a cire waya a kama hanya, su riƙe sanyi yini guda ba inji ba ƙara. Motocin askirim sun daɗe da shi. Don ka ji nauyin abin, ƙanƙarar ruwa kilo 11 ce ke riƙe sanyin da ya kai yunit ɗaya, saboda haka faranti na da nauyi kuma zai rage maka lodi da wasu ɗaruruwan kilo. A ganina, ga zagayen cikin Kano da Dutse, har Katsina mai nisan kilomita 170 ko makamancin haka, babu abin da ya fi shi dacewa da mu, domin babu abin lalacewa a hanya kuma babu man da za a zuƙe a sayar. Matsalarsa ɗaya, an saba daskarar da shi da dare, lokacin da babu rana. Ko dai ka dogara da wutar layi da batir, ko ka juya tsarin: mota ta sha sola daga hantsi zuwa la'asar, a yi lodi da magariba, a fita da asubar fari kafin gari ya ɗau zafi. Wace hanya ce ke biyuwa da duhu, wace ce ba ta biyuwa, wannan kai da direbobinka kun fi ni sani.

Idan batir za ka sa, kada ka bari a haɗa ka da na ruwa. Batir mai amfiya 200 nauyinsa ya kai kilo 60, kuma rabin abin da ke cikinsa kawai ake ja idan ana son ya yi ƙarko. Kafin ka tara yunit 30 sai ka jera guda 25, tan ɗaya da rabi ke nan a kan mota, ga shi zafi na cinye rayuwarsa. Na litiyam irin wanda ake kira LiFePO4 zai ba ka yunit 30 ɗin a kilo 300 ko sama kaɗan, ya fi jure zafi, kuma yana yin caji dubbai. A sa shi a inuwa, inda iska ke shiga, nesa da salansa.

Za ka kuma ji labarin tirelolin da ke samar da wuta daga juyawar taya, irin Vector eCool na Carrier. Suna aiki, amma wutar kyauta ce kawai lokacin taka birki ko gangara, sauran lokaci daga man motar take fitowa. Ga tsada, ga rashin mai gyara a Kano. Ka bar shi tukuna. Haka ma motar da ita kanta lantarki ce, sai ranar da aka samu wurin caji tsakanin nan da Zariya.

Maganar tumatir

Wannan wata duniya ce daban, kuma a nan aka fi yin asara. Tumatir yana da rai, yana numfashi, yana fitar da zafi ko bayan an tsinke shi. Ba ya son sanyin kifi, ba ya son na yogot ma. Wanda ya fara nuna yana son digiri 12 zuwa 13, idan ya daɗe a ƙasa da 10 sai ya yi tabo, ya ƙi nuna da kyau, ya yi lami. Na ga wanda ya sa motarsa a digiri 2 don a tunaninsa sanyi ba ya yawa, kayan suka isa kamar lafiya, kwana biyu a hannun 'yan kasuwa suka zube.

Babban abin shi ne zafin gona. A ce ka ɗauko tan 10 a Kwanar Gafan ko Kadawa da rana, jikinsa na digiri 33, kana so ya sauko 13. Tumatir kusan duk ruwa ne, don haka zafin da za a cire ya haura yunit 220. Injin motarka, idan yana cire kamar kilowat 5 bayan ya gama kokawa da zafin bango, zai yi sama da awa 40 kafin ya gama. Legas kimanin kilomita 1,000 ce daga nan, wato kana iya isa kasuwar Mile 12 tsakiyar lodin bai huce ba, inji kuma ya yi ta ihu tun daga Kura. An ƙera injin mota ne don ya riƙe sanyin da kaya suka shigo da shi, ba don ya sanyaya su ba. Sanyayawar aikin ɗakin sanyi ne a kusa da gona, kuma aiki ne da ya dace da sola ƙwarai tunda da rana ake yin sa. Kamfanin ColdHubs, da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, a kan wannan ya ginu: ƙananan ɗakunan sanyi masu sola a kasuwanni da gonaki, ana biya kan kowane kiret a kwana. A yi tsinka da sanyin safiya, a ajiye a inuwa, rabin aikin ya ragu. A lokacin rani da iska ke bushe, ko rumfa mai jiƙaƙƙen buhu ko gawayi da iska ke ratsawa tana sauke zafi sosai, dabarar tukunya cikin tukunya ce da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi suna da ita har ya samu kyautar Rolex a 2000, aka faɗaɗa ta.

Sannan kwando ba ya shiga motar sanyi. Ana danna shi kan juna, na ƙasa ya matse, iska ba ta ratsawa. Sai kiret ɗin roba mai huji, mai cin kilo 20 zuwa 25, kuma sai ka yi tunanin yadda za su dawo maka daga Legas. Ka yi tunanin abin da motar za ta ɗauko a dawowa ma, don idan ta dawo wayam duk tattalin man da ka yi ya tafi. Kai da kake harkar kifi ka fi kowa sa'a a nan, kifinka dama daga can yake tasowa. Sai dai a wanke bodi da kyau tsakanin lodi biyun, tumatir na ɗaukar ƙarni.

A wannan doguwar hanya ba zan ce maka ka cire injin gas ba. Tafiyar da kan ɗauki kwana biyu, wani lokaci uku idan an samu cunkoso ko mota ta lalace, ba wurin jona wuta a hanya, batirin da zai riƙe ta ya yi tsada da nauyi. Abin da za ka iya shi ne ka loda kaya masu sanyi a bodin da aka riga aka sanyaya da wutar gareji, injin gas ya zama riƙo kawai yake yi a digiri 13, wanda ba ya cin mai kamar na kifi. Fanel a rufi zai taimaka a nan fiye da ko'ina.

Lissafin da na yi duk na misali ne, girman abin da za a haɗa maka sai an auna. Kafin ka biya kowa ko sisi, ka sayi ƙananan na'urorin da ke rubuta sanyi, ka jefa ɗaya a gaban bodi ɗaya kusa da ƙofa a kowace mota. Ka ware wa injin sanyi lissafin mansa daban da na mota, a rubuta awannin da ke kan mitarsa safe da yamma, da awannin da mota ta yi a tsaye a gareji da kaya a ciki. A sa mita a ɗakin sanyi ma. Ka yi haka wata guda, zai fi kyau a cikin Maris ko Afrilu, sannan ka kira mai sola ka ajiye masa takardar a gabansa, ka ce ya yi lissafinsa a kanta.